Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Malamanmu Na Samaru: Ku Gina Mana Kasuwar Hatsi A Cikin Kwamfuta

Zuwa ga malaman Sashen Tattalin Arziki, da na Tattalin Arzikin Noma, da na Kimiyyar Kwamfuta, Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya.

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta malamai. Ina gaishe ku da aiki, ina gaishe ku da haƙuri da ɗalibai, da fatan iyali suna lafiya.

Ni malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare a Tudun Wada, amma kafin in riƙe alli mudu na fara riƙewa. A rumfar hatsin kawuna na tashi, kuma har gobe duk ranar da babu makaranta ni ke zama a bakin sito da littafi da biro, ina rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita da wanda ya ɗauka bai biya ba. Roƙo ne ya sa na ɗauki alƙalami. Na zaɓi in yi shi a bainar jama'a, kuma da Hausa, domin mutanen da maganar ta fi shafa su ma su ji abin da ake roƙa da sunansu. Roƙon shi ne ku haɗa kai, ku masana tattalin arziki da ku masana kwamfuta, ku gina mana kasuwar hatsin ƙasar Zazzau a cikin na'ura, da manomanta da dillalanta da 'yan sarinta da masu bin bashinta, yadda za a riƙa gwada shawara a kanta kafin a gwada ta a kan tukunyar talaka.

Daga abin da idona ya gani tunanin ya faro. Kun tuna watan Fabrairun 2023. Tun ƙarshen Oktoban 2022 aka sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka ce tsofaffin za su daina aiki ranar 31 ga Janairu, aka ƙara wa'adi zuwa 10 ga Fabrairu, sai ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓarsu har ƙarshen shekara. A makonnin nan na tsakani, buhun masara ɗaya farashi biyu gare shi, na tsaba da na taransifa. Wata safiya dattawa biyu suka iso rumfarmu kusan tare, kowa da buhu biyu a bayan babur, kowa ƙura ta yi masa fari fat har gira. Na farko mutumin Kawu ne, sun fi shekara ashirin suna hulɗa. Ko tayi ba a yi ba. Aka sauke, Kawu ya zura hannu cikin buhu ya damƙo ya duba bushewa, ya lalubo 'yan tsofaffin takardun da suka rage masa a aljihu ya miƙa masa, ya ce da ni, "Rubuta sauran, sai kasuwa mai zuwa." Na biyun baƙo ne. Kawu ya ce masa, "Baba, wallahi tsaba ta ƙare. In kana da asusu in tura maka, in kuma ka yarda ka bar kaya in rubuta." Dattijon ya ce, "Ɗana, ba ni da banki. Ban san ka ba, ba ka san ni ba, ga mai ɗakina na kwance, magani zan saya." Muna kallo ya tura baburinsa gaba, ya sallama wa wani mai tsaba a farashin da ko a tsakiyar kaka ba a sayarwa haka.

Masara iri ɗaya ce, rana ɗaya, kasuwa ɗaya. Sanayya ce kawai ta raba su. Na yi ta juya lamarin a raina, ina neman inda dattawan nan biyu za su zauna a cikin zanen nan na layi biyu masu gicciye da ake koya wa ɗan aji ɗaya, na yawan kaya da yawan masu nema, ban samar musu wuri ba.

Kun fi ni sanin dalili. Manyan samfuran lissafin da bankunan ƙasashe suka daɗe suna aiki da su sukan tattara dukan magidantan ƙasa su mayar da su magidanci guda, matsakaici, mai cikakken hankali da hangen gobe, sannan a nemi inda kasuwa za ta tsaya ta daidaita. Ban raina wannan ilimi ba, ya yi aiki, kuma masana sun yi ta gyara shi. Amma ku leƙo lamarin daga bakin sito. Alhaji mai buhu dubu a ajiye da ɗan ƙwadago mai tiya biyu a ɗaka, in an haɗa an raba, kowa ya tashi da buhu ɗari biyar. Wannan mai ɗari biyar ba ya Giwa, ba ya Soba, ba ya Maƙarfi. Ranar da masara ta tashi, ɗaya zai ƙara sito, ɗaya zai rage wa yara tuwo, shi kuwa matsakaicin a takarda ko gezau.

Hanyar da nake roƙonku a kanta daga ƙasa take farowa. A cikin kwamfuta ake ƙirƙirar mutane ɗaiɗai, ɗari ko dubu ko miliyan. Zan kira su wakilai, tunda kowane yana tsaye ne a madadin mutum guda ko gida guda ko kamfani guda. Kowane wakili a ba shi abin hannunsa: gona eka kaza, hatsi buhu kaza, bashi kaza, baki kaza da yake ciyarwa. A yi masa iyakar abin da ya sani, domin manomin Yakawada abin da ya sani shi ne yadda maƙwabcinsa ya sayar ranar kasuwar da ta wuce, sai kuma abin da ɗan'uwansa ya faɗa masa a waya. A ba shi 'yan ƙa'idoji masu sauƙi na yanke shawara. In an taya ƙasa da kaza, ka ce albarka. In mai bashi ya matsa, ka sallama. In bara waken suya ya yi kuɗi, bana ka ƙara masa fili. Daga nan sai a sake su, a bar lokaci ya yi ta tafiya, mako na bin mako, kaka na bin kaka. Babu wanda ya rubuta farashi a ciki. Daga tayi da albarka da sallamawar wakilan nan farashi yake fitowa da kansa, kamar dai yadda yake fitowa ranar kasuwa. Mai bincike nasa zuba ido ne. Ya canja abu guda, ya sake saki, ya ga abin da ya bambanta.

Abin ya daɗe. Thomas Schelling, masanin tattalin arziki ɗan Amurka da ya sami kyautar Nobel a 2005, ya wallafa irin wannan gwaji a 1969 da 1971, kuma da hannu ya fara, da kwabbai iri biyu a kan allo mai gida-gida, kamar mai yin dara da tsakuwa da kara. Ƙa'ida ɗaya ya ba kowane kwabo: in irinka sun yi ƙaranci sosai a cikin maƙwabtanka, ka tashi ka koma gidan da babu kowa. Babu kwabon da aka ce ya ƙi zama da wani iri. Duk da haka bayan 'yan zagaye sai allon ya rabe unguwa-unguwa, kowane iri ya dunƙule wuri guda. Abin da ya bayyana a gari ya wuce nufin kowane mutum ɗaya a cikinsa. A 1996 Joshua Epstein da Robert Axtell suka gina wata ƙasar kwaikwayo mai tudun sukari biyu, suka zuba mata wakilai masu bambancin nisan gani da bambancin ci, sai ga 'yan tsiraru sun tara dukiya, mafi yawa suna hannu baka hannu ƙwarya, alhali ba a rubuta zalunci a cikin ƙa'ida ba.

Guda biyu ne suka fi kama ni, domin na gan su da idona kafin in karanta su. A 1994 Brian Arthur na Cibiyar Santa Fe ya kawo misalin mutum 100 da ke son zuwa wani wurin shaƙatawa, wanda ba ya daɗi in mutane sun wuce 60. Kowa a gidansa zai yi hasashe ya yanke shawara. In duka suka yi zaton za a cika, babu mai zuwa, sai wuri ya zama wayam. In duka suka yi zaton babu kowa, sai a yi cunkoso. Ke nan duk hasashen da kowa ya yarda da shi, yardar ce za ta ƙaryata shi. Duk ɗan lambun da ya taɓa ɗebe tumatir a fadamar Galma ya san wannan ciwo. Labari ya zo cewa kwando ya yi kuɗi, kowa ya tsinka, motoci suka haɗu a kasuwa rana ɗaya, la'asar na yi ana roƙon mai saye. Da Arthur ya saki wakilansa, kowa da tarin dabarun hasashensa yana riƙe wadda ta fi yi masa daidai a baya, sai adadin masu zuwa ya riƙa hawa da sauka a kewayen 60, bai taɓa tsayawa cik ba.

Na biyun kasuwar kifi ce ta 'yan sari a birnin Marseille na Faransa. Alan Kirman da abokan aikinsa sun bi takardun cinikinta suka ga kifi iri ɗaya, rana ɗaya, ana sayar da shi farashi daban-daban, kuma masu saye da yawa wurin mutum guda suke komawa kullum ko da akwai mai arha a gefe. A 2001 shi da Nicolaas Vriend suka kwaikwayi kasuwar a kwamfuta, ba su koya wa wakilan amana ba, koyo daga riba da asara kawai suka ba su. Sannu a hankali mai sayarwa ya gane ya fi samu in ya fifita mai dawo masa, mai saye ya gane ya fi samun biyan buƙata inda aka san shi. Da na karanta wannan, dattawan nan biyu ne suka faɗo mini a rai.

Bayan rugujewar kasuwannin kuɗi ta 2008 manya ma suka waiwayo. A Nuwamban 2010 Jean-Claude Trichet, shugaban Babban Bankin Turai na lokacin, ya faɗa a bainar jama'a cewa kayan aikin da suka saba da su ba su taimake su ba a tsakiyar rikicin, ya kuma ambaci wannan hanya cikin waɗanda ya kamata a duba. A 2016 ma'aikatan Bankin Ingila suka fitar da samfurin kasuwar gidaje mai masu haya da masu saye da masu ba da rance, suka gwada abin da zai faru in aka ƙayyade rancen da mutum zai ci gwargwadon abin da yake samu. A fannin noma kuwa, masu bincike na Jami'ar Hohenheim ta Jamus sun yi irinsa a kan gidajen manoma a Yuganda da Gana.

Ni ma na taɓa. Akwai manhaja mai suna NetLogo, wadda Uri Wilensky ya fitar a 1999, kyauta ake sauke ta, kuma tsohuwar kwamfutata ta tafi-da-gidanka tana ɗaukarta. A wani dogon hutu na gina ƙauye mai manoma 200 da 'yan sari goma. Kowane manomi yana duba farashin bara da abin da maƙwabtansa suka samu, ya yanke filin da zai ba masara, in ya girbe ya jira farashin da ya yi masa. Na saki. Sai ga farashi yana lilo, shekarar tsada ta haifi shekarar arha, ta arha ta haifi ta tsada. Daɗi ya kama ni, domin ban sa lilon nan a ciki ba.

Bayan la'asar na kai wa Kawu. Ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallon ɗigo-ɗigon nan suna kai da komo a fuskar kwamfuta. Can ya ce, "Malam, waɗannan manoman naka, wa ke bin su bashi?" Na ce babu. Ya ce, "Babu mai aurar da 'ya a cikinsu bayan kaka?" Na ce babu, Kawu. "Babu wanda ya ci takin wani, kamfa ko yuriya, da alkawarin buhu?" Na yi shiru. Ya mayar mini da kwamfutar ya ce, "To waɗannan ai 'yan kasuwa ne masu gona. Manomin da na sani, ranar da aka tsaya masa a ƙofar gida ranar yake sayarwa, farashi ya yi masa ko bai yi masa ba."

Na koma na zauna darare ina gyara. Na ɗora wa wasu bashin taki da za a biya da kaka. Na sa biki da rashin lafiya suna faɗo wa gida ba sallama. Na sa wanda ya kasa biya ya jinginar da gona. Da na sake saki, ƙauyen ya canja kama. Farashin kaka ya ƙara nutsewa, na tsakiyar damina ya ƙara hawa, kuma waɗanda suka sayar a Nuwamba su ne suka dawo kasuwa da mudu a Yuli suna awon abin da suka noma da hannunsu. Bayan kaka ashirin gonaki sun taru a hannun 'yan kaɗan. Abin da na gina ƙarami ne, ban auna shi da alƙaluman gaske ba, saboda haka ba hujja ba ne a kan komai. Amma ya koya mini inda nauyin aikin yake. Rubuta umarnin kwamfuta ɗalibi mai himma zai iya cikin 'yan makonni. Sanin ƙa'idar da za a ba wakili, wato sanin ainihin abin da ke sa mutum ya sayar ko ya riƙe, ya ranta ko ya hana, shi ne jan aikin. Tambaya uku ta wanda bai taɓa taɓa kwamfuta ba ta fi duk abin da na karanta gyara mini samfuri.

Wannan ne ya sa ku na rubuto wa, domin irin wannan sani gadon gidanku ne. Tun 1922 ake binciken noma a Samaru, shekara arba'in kafin a buɗe jami'ar kanta a 1962. A tsakiyar shekarun 1960 David Norman da abokan aikinsa na sashen binciken tattalin arzikin karkara suka zaɓi ƙauyuka uku, Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, suka bi gidajen manoma shekara guda cur suna rubuta wa ya yi aiki, a wace gona, na tsawon wane lokaci, me aka samu. A lokacin ana ganin haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya ci-baya ne. Lissafinsu ya nuna manomi na da hujja: haɗin ya fi biyan wahalar da aka sha, musamman a watannin noma da hannu ke ƙaranci, kuma in ɗaya ya ƙi ɗaya zai yi. Daga irin wannan aiki duniya ta koyi a fara tambayar manomi kafin a kawo masa gyara. Hanwa yau gari ya cinye ta, amma takardun suna nan.

Sai Christopher Udry, masanin tattalin arziki ɗan Amurka, wanda daga 1988 zuwa 1989 ya bi gidaje kusan 200 a ƙauyuka huɗu na kusa da Zariya yana nazarin bashi. Ya tarar kusan duk rance tsakanin 'yan'uwa ne ko 'yan gari ɗaya, babu takarda, babu jingina a galibi, ba a kuma yanka ruwa. Abin da ya ja hankalin masana a duniya shi ne yadda biya yake bin halin da mutum ya shiga. In ambaliya ko ciwo ya sami wanda ya ci bashi, a sassauta masa, ya biya kaɗan ko ya jinkirta. In mai ba da bashin ne masifa ta faɗa wa, wanda ya ci ya yi ƙoƙari ya kyautata biya. Wato bashin ƙauye rance ne kuma rufin asiri ne. Allah ya gafarta malamai, wannan ai ƙa'idar wakili ce a shirye, a ƙasarmu aka tono ta, jira take a zuba ta a na'ura. Ga kuma rahoton da NAERLS, cibiyar wayar da kan manoma ta ƙasa da ke jami'arku, ke fitarwa duk shekara a kan yadda damina ta kasance, ga jami'an gona da suka san kowane lungu.

Akwai kuma abubuwan da baƙo ba zai tuna ya sa ba sai ɗan gida. Zakkar amfanin gona, ɗaya cikin goma ga noman ruwan sama, ɗaya cikin ashirin ga wanda aka sha wahalar ban-ruwa, hatsi ne mai yawa da ke sauya hannu da kaka ba ta hanyar ciniki ba. Adashi. Gudummawar biki. Ragon layya da ake kiwo a matsayin asusu. Cin rani. Da kuma matan da ke cikin gida, masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da fura da ƙosai, waɗanda ba a ganinsu a kasuwa amma awon da ake yi musu kullum ba ƙaramin kaso ba ne na abin da muke sayarwa da mudu. Duk samfurin da ya manta da su, rabin gari ya gina.

Me za mu tambayi wannan kasuwa in ta ginu? Wadda ta fi ci mini rai ita ce maganar ɓoye abinci, kuma ba zan ɓoye muku ba, ta shafe ni, tunda cikin masu sito na tashi. A farkon 2024, da tsada ta kai intaha, an rufe wasu sito-sito a Dawanau ta Kano bisa zargin ɓoye kaya. Addininmu ya hana ɓoye abinci don a ƙuntata wa jama'a, babu mai ja da wannan. Amma kuma in babu wanda ya saya da kaka ya adana, me za a ci a watan Yuli? Tsakanin mai ajiya da mai ɓoyewa akwai iyaka, kuma har yau da zafin rai ake shata ta. A kasuwar kwaikwayo za a iya gwadawa: masu sito nawa ne, masu riƙe da kashi nawa na hatsin yanki, za su iya ɗaga farashi in sun haɗa baki? In an tilasta kowa ya fitar a watan Fabrairu, me zai faru a Agusta? In amsar ta kama mu, a faɗa mana, mu gyara. In ta wanke wasu, a daina yi musu kuɗin goro.

Sai maganar rancen kaka. Kowa na cewa a ba manomi rance lokacin girbi don kada ya karyar da kaya. An gwada haka a yammacin Kenya, kuma Marshall Burke da Lauren Bergquist da Edward Miguel sun wallafa sakamakon a 2019. Waɗanda suka sami rancen sun riƙe masararsu sun sayar da daraja. Amma a yankunan da aka ba mutane da yawa, tazarar farashin kaka da na bazara ta ragu, ribar masu rancen ta ja baya, waɗanda ba su ci rance ba kuwa suka amfana. Wato amsar tana canjawa gwargwadon yawan masu yi, kuma irin wannan tambaya ce hanyar wakilai ta fi dacewa da ita. A wajenmu mutum nawa cikin goma ya kamata a ba? Haka kuma a Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150, a 2025 kuma farashin masara ya faɗi warwas alhali taki na sama. A rumfuna har yau ana gardama. Wasu sun ce shigo da kaya ne, wasu sun ce damina ce ta yi kyau, wasu sun ce masu ajiya ne suka tsorata suka fitar a lokaci guda. A duniyar gaske abubuwan uku tare suka faru, ba a iya raba su. A kwamfuta ana iya cire ɗaya a bar biyu. Ga tashin kuɗin mota tun cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, ga gonakin da rashin tsaro ya hana shiga a yammacin Giwa, kowanne da tambayarsa.

Ba ina cewa na'ura za ta faɗi farashin baɗi ba. Gaibu sai Allah. Hanyar ma tana da nata ramukan, kuma gara in faɗe su da bakina. Maɓallanta suna da yawa, wanda ya ƙudurta amsa a ransa zai iya murɗa su har ta fito masa da abin da yake so, ya zo yana cewa kwamfuta ce ta faɗa. Saki ɗaya ba ya isa, tunda akwai sa'a da tsautsayi a ciki, sai an maimaita ɗaruruwan sau an ga abin da ya fi yawan faruwa. Kuma kyan hoto yana ruɗi, ɗigo-ɗigo masu motsi sukan sa mutum ya ji kamar gaskiya yake kallo. Maganin wannan a wurina shi ne a jarraba samfurin da abin da ya riga ya wuce kafin a yarda da shi. A ba shi ƙwaron nan sharon da ya cinye tumatir a 2016 har Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa. A ba shi rufe iyakokin tudu daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. A ba shi ƙarancin tsabar 2023. In bai fito da farashi biyu a buhu ɗaya ba, in bai raba mai sanayya da baƙo ba, to a koma a gyara, bai isa a kai shi gaban mai mulki ba tukuna.

Ba kuɗi mai yawa aikin ke ci ba. NetLogo kyauta ce, Mesa, irinta ta masu rubuta umarnin kwamfuta da harshen Python, ita ma kyauta ce, ga cibiyar kwamfuta mai sunan Farfesa Iya Abubakar a cikin harabarku. In akwai waɗanda suka riga suka fara a cikinku, Allah ya ƙara basira, wannan takarda ƙarin ƙarfi ce gare su. Abin da nake fata shi ne a haɗa ɗalibin tattalin arziki da na kwamfuta a kan aikin kammala karatu guda, malamai biyu su duba su, kuma kafin su rubuta layi ɗaya a tura su Giwa ko Sabon Gari ko Ɗan Magaji su yi kaka guda suna zama a rumfa, su san bambancin dillali da ɗan sari, su san nawa ne la'ada da kuɗin dako da kuɗin ɗinki, su ji yadda ake cewa albarka da yadda ake sallamawa. In samfuri ya tashi a sake shi a fili, kowa ya sauke ya duba cikinsa ya yi gyara. Sannan a rubuta ƙa'idojin wakilan da Hausa, jimla-jimla, a kira sarkin kasuwa da shugabannin 'yan hatsi da manoma da mata masu sana'a, a karanta musu, su ce wannan haka ne, wannan ba haka ba ne. A garin nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, ba mu ne za a ce Hausa ta gaza mana wajen bayani ba.

Na yi wa Kawu maganar wannan wasiƙa. Ya ce in gaya muku littattafansa na shekaru suna nan a cikin akwatin ƙarfe a ƙuryar sito, da farashin kowace ranar kasuwa da abin da aka bayar bashi da lokacin da aka biya. Ya yarda ɗalibanku su kwafa, da sharaɗin a rufe sunayen mutane, domin bashi sirri ne. Ya ce kuma in za su zo su zo da sassafe, kafin motocin ƙauye su fara sauke kaya.

Allah ya ƙara wa malamai lafiya da nisan kwana.

Naku,
Malamin lissafi kuma ɗan rumfar hatsi,
Tudun Wada, Zariya.